Binne ko jiran ruwa? Zana icce ka gani

Manomi, watan Mayu ya kama, hadari yana ta yawo, iri yana cikin rumbu. Ka yi binne, ko ka jira ruwan shuka? Gobe ta Allah ce. Amma akwai dubarar auna shawara tun ba ka zuba iri cikin rami ba.

Share ƙasa, ka zana icce. Gindinshi shi ne tambayar. Ka hid da rassa 2: binne da jira. Waɗannan suna hannunka. Kowane reshe kuma ka yi mishi ƴan rassa 2 da ba su hannunka: ko ruwan hwarko ya jiƙa ƙasa kuma ya ɗore, ko kuwa a yi yayyahi a ɗauke. Yayyahin nan shi ne abokin gaban binne, don hatsi ya tsiro, rana ta ƙone shi. Malaman gona suna cewa ruwan shuka ya kai wajen milimeta 20.

Yanzu samo tsakuwa 10, kowace ɗaya damana guda ce. Tambayi dattawan gari: cikin damana 10 da sunka wuce, sau nawa ruwan hwarko ya ɗore? In akwai ma'aunin ruwa a garinku, a duba littahinshi, don mutum ya kan manta da shekarar wahala.

Ga misali. A ce tsakuwa 6 sun tahi ga ruwa mai ɗorewa, 4 ga yayyahi. Gonarka, in binne ya kama, dame 100 ne. In ya mutu ka sake shuka, 60. Lissahi: 100 sau 6, da 60 sau 4, ya yi 840. In ka jira kuwa, ka rasa kwanakin hwarko: dame 85 a shekara mai kyau, 75 a maras kyau. Ya yi 810. Binne ya ci, amma da kaɗan.

To, tsaya. Dame 60 ɗin nan na mai irin shuka ta biyu ne. In irinka ke nan duka, sai ka yi yawon rance, kwanaki suna wucewa, wataƙila 30 za ka ɗaure. Lissahin binne ya koma 720, jira ya hi shi nesa. Kuma iyali ba su cin hatsin shekara 10 a haɗe. Dubi reshen da ya hi muni, ka tambayi kanka ko gidanka zai kai kaka da shi.

In rediyo ya kawo labarin cibiyar AGRHYMET ta Yamai cewa damana za ta zo da tsaiko, ka gusa tsakuwa ɗaya zuwa wajen yayyahi, ka sake lissahi.

Akwai reshe na 3 da mutane da yawa ke bi: binne a rabin gona, wajen jigawa, sauran iri ya zauna cikin rumbu har ƙasa ta jiƙa. Shi ma ka zana shi, ka aza mishi tsakuwarshi.