Shin Ko Kun San? Tarihin Kaduna a Wayar Malam

Shin ko kun san malamin makaranta a unguwar Makera ta Kaduna zai iya nuna wa ɗalibansa hawan dabar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth ta Ingila a Kaduna a 1956, dawakai da 'yan lifida suna wucewa a gaban idonsu, da wayar hannunsa kawai? A 2014 kamfanin British Pathé ya zuba tsofaffin finafinansa na labarai kimanin 85,000 a YouTube, kowa ya kalla kyauta, kuma ziyarar Sarauniya zuwa Nijeriya tana ciki. Wanda ya sauke fim ɗin da dare, lokacin da data ta fi araha, da safe ba ruwansa da tangarɗar sabis.

Shin ko kun san a 2011 hukumar adana takardun tarihi ta Birtaniya ta ɗora dubban hotunan da ofishin kula da ƙasashen mallaka ya tara daga Afirka a shafin Flickr? Akwai na Nijeriya da yawa. Jami'ar Northwestern ta Amurka ita ma ta sa hotunan E. H. Duckworth a intanet, baturen da ya daɗe yana shirya mujallar Nigeria, ya kuma zaga ƙasar nan da kyamara yana ɗaukar kasuwanni da makarantu da masu sana'a.

A nan sai malam ya buɗe ido. Mafi yawan waɗannan hotuna baƙo ne ya ɗauke su, don idon mutanen ƙasarsa. Sau da yawa za ka tarar an rubuta sunan Razdan ko Di'o a ƙasan hoto, amma mutum goma da ke tsaye tare da shi ba wanda aka ambata. Ni a ganina darasin ma a nan yake. A sa hoton a gaban aji a tambayi yara: wa ya ɗauka? Don wa ya ɗauka? Me ya sa wannan yake zaune a kujera, wancan yana durƙushe? Wa ya kamata a gani a wurin amma ba ya ciki? Yaron da ya saba da irin waɗannan tambayoyi tun yana aji biyar, da wuya a ruɗe shi da hoto idan ya girma.

Shin ko kun san babu hoton kyamara na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ko ɗaya a duniya? Shehu ya rasu a 1817, ita kuwa fasahar ɗaukar hoto sai a 1839 aka bayyana ta ga jama'a a Faransa. Duk abin da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp da sunan hotonsa, ko dai zane ne, ko hoton wani bawan Allah daban, ko aikin ƙirƙirarriyar basira. Haka batun yake ga Sarauniya Amina ta Zazzau. Kafin hoto ya shiga aji, a sa shi a Google Lens ko TinEye a ga inda ya fara fitowa.

Shin ko kun san ana iya karanta rubutun hannu na kakanninmu ba tare da an taɓa takardar ba? Jami'ar Boston tana da rumbun ajami a intanet, inda aka ɗauki hoton littattafan Hausa da aka rubuta da baƙaƙen Larabci, shafi bayan shafi. Ɗakin karatu na Birtaniya kuma tun 2004 yake da shirin ceto takardun da ke gab da lalacewa, kuma cikin ayyukansa har da ɗaukar hoton wasu takardun da ke ajiye a nan Kaduna. Ɗalibin da ya yi makarantar allo zai iya karanta wa ajinsu abin da malamin boko ya kasa, abin da ba ƙaramin ƙarfin gwiwa yake ba yaro ba.

To, su ainihin takardun fa? Daga Makera, tsallaka gadar kogin Kaduna kawai za a yi. Reshen Kaduna na hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa, wadda Farfesa Kenneth Dike ya assasa a 1954, yana nan cikin gari da rahotannin larduna da wasiƙun sarakuna. Cibiyar tarihi ta Gidan Arewa kuma tana kan titin Rabah, a gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna. Farfesa Abdullahi Smith ne ya kafa cibiyar a 1970, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da aka ɗora a intanet bai kai cikin cokali ba idan aka gwada da abin da ke cikin waɗannan ɗakuna.

Shin ko kun san, kuma wannan ne ya fi damuna, tarihin Makera da Kakuri kansu yana cikin abin da ya fi wuyar samu a intanet? A wannan ɓangare na kudancin kogi aka buɗe masaƙar KTL a 1957, bayan gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Masaƙar UNTL ta biyo baya da jarin mutanen Hong Kong, sai masaƙar Arewa da hannun Japanawa a ciki. Dubban mutane suka kwararo daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, Bahaushe da Tibi da Idoma da Bajju suna aiki kafaɗa da kafaɗa a gaban injin guda. KTL ta tsaya a 2002. Yaran da ke firamare yanzu ba su taɓa jin jiniyarta ta canjin aiki ba, kangonta kawai suke wucewa.

Amma shaidun suna nan, a ƙasan adaka da cikin tsofaffin jakunkuna: katin shaidar aiki, takardar albashi, katin ƙungiyar ƙwadago, hoton ranar ma'aikata, ragowar turmin atamfa mai tambarin kamfani. Malami zai iya ba da aikin gida na mako guda, kowane yaro ya nemi izinin kakansa ko kakarsa, a ɗauki hoton abu ɗaya da waya, a rubuta sunan mai shi da shekarar da sashen da ya yi aiki, kaɗi ne ko saƙa ko rini. Kada a raba dattijo da takardarsa, hoton ya wadatar. Idan iyalin sun amince, Wikimedia Commons tana karɓar hoto kyauta daga wanda ke da haƙƙinsa, daga nan kuma masu rubuta Wikipedia ta Hausa suke ɗaukar na maƙalolinsu. A fara da waɗanda suka kama aiki tun kafin yaƙin basasa, don su ne suka fi manyanta.