Turancin Jos: Harshen Da Ya Zo Haƙar Kuza Ya Zauna

Mutanen Arewa da yawa da ke neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal suna kuka da irin Turancin da 'ya'yansu ke kawowa gida, suna cewa ba shi aka koya musu a makaranta ba. Wasu kuma kunya ke hana su buɗe baki a ofis don kada a yi musu dariya. Tarihin garin Jos ya isa ya kwantar wa irin waɗannan mutane hankali.

Kuza ce ta kawo Turanci Jos. Tun farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka buɗe ramukan haƙa a Bukuru da Barikin Ladi da kewaye. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, na Fatakwal kuma ya iso a 1927. Sai ga Hausawa da Ibo da Yarabawa da Urhobo sun tarar da Birom da Anaguta da Afizere a ƙasarsu. Bature na ba da umarni, akawu na rubutawa, helma na fassara wa lebura. A haka Hausa ta riƙe kalmomi irin su manaja da kafinta da bariki da lebura, ta lanƙwasa su yadda harshen Bahaushe zai iya. Shi ma Turancin bai tsira ba, domin na akawu dabam, na kasuwa dabam.

Bugu da ƙari, a 1942 'yan mishan suka kafa makarantar Hillcrest, inda aka fi jin lafazin Amurka. Watau a gari ɗaya ana jin Turancin Ingila da na Amurka da buroka, kowanne yana biyan bukatar masu shi.

Masana sun nuna cewa wannan ba sabon abu ba ne. Bayan da Normandawa daga Faransa suka ci Ingila a 1066, dubban kalmomin Faransanci suka shige Turanci, har ya zama Baturen yau ba ya iya karanta rubutun kakanninsa na kafin lokacin sai an koya masa. A Amurka kuwa, ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya daidaita wa Amurkawa rubutun wasu kalmomi saɓanin na Ingila. A kowane zamani an sami dattawan da suka ce yara sun ɓata harshe.

A Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Badun kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975, marigayi Farfesa David Jowitt ya daɗe yana koyarwa. Shi Bature ne haifaffen Ingila, amma a littafinsa na 1991 ya ɗauki Turancin Nijeriya a matsayin abin nazari, yana rarrabe kuskure na zahiri da salon da ya riga ya zauna a bakin jama'a. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Nijeriya, ciki har da okada da danfo da buka da Kannywood. Abin da malami zai ja wa jan biro jiya, yau ga shi cikin ƙamus.

Amma fa wannan bai ɗauke wa yaro karatu ba. Har yanzu sai ya ci Turanci da kyau a jarrabawar gama sakandare kafin jami'a ta karɓe shi, kuma masu duba takarda ba sa yarda da Turancin tashar mota. Saboda haka aikin iyaye shi ne su sa yaro ya san wane Turanci ake yi a aji, wane ake yi a kasuwa, kamar yadda ya san rigar Juma'a dabam da ta aiki. Sa'an nan su riƙa yi masa Hausa a gida, don kada ya je ganin kakanni a nemo masa tafinta.