Idan Kalwa Ta Yi Wuya

Ya kai maigida, ba kai ke shiga madafa ba, amma daga aljihunka kuɗin cefane ya ke fita. Saboda haka ya kamata ka san abin da za a sa a miya ran da aka nemi daddawa aka rasa.

A ƙasar Tsanyawa, kan hanyar Kano zuwa Katsina, gona tana manne da gona, daji ya ƙare. Ɗorawar da ka ke gani, yawancinta wadda kakanni suka bari ce a tsakiyar gonaki. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, gatarin masu neman itacen wuta kuma ya rage wasu. Ga shi ɗorawa sau ɗaya ta ke 'ya'ya a shekara, watau da bazara. In damina ta yi nisa, sai kalwa ta yi tsada a kasuwa.

Ka sani amfanin daddawa ya wuce ƙanshi. Kimanin sulusinta abinci ne mai gina jiki, irin wanda a ke samu a nama. Gidan da ba a cin nama sai da Salla, daddawa ce naman yaransa. Don haka abin da zai maye gurbinta, sai ya zama mai ƙosarwa kamarta.

Na farko shi ne batso. Da gurguzu a ke yinsa, watau 'ya'yan yakuwa, wadda ka ke shukawa a kan iyakar gonarka. A kan dafa gurguzu da kanwa har ya yi laushi, a rufe shi ya ruɓa, a daka, a shanya. In kanwa ta yanke, ruwan toka ya isa. A ƙone karan gero, a zuba tokar a tukunya mai huji, a zuba ruwa ya ɗiga. Amma a sa kaɗan, yawansa yana ɓata miya.

Na biyu waken soya. Matan ƙasar Kafanchan sun shahara wajen yin daddawa da shi. A soya waken sama-sama, a ɓarza, a sheƙe ɓawon. Sa'an nan a dafa shi ya nuna sarai, a tsane, a zuba a ƙwarya tun da zafinsa, a lulluɓe da ganye da buhu. Bayan kwana 2 ko 3 za ka ji wari irin na daddawa. Sai a daka, a dunƙula, a shanya. Kalwa ta kan kwana a kan wuta kafin ɓawonta ya saki, waken soya kuwa sa'o'i kaɗan sun ishe shi. Ka ga an sami sauƙin itace. Masana sun gano ƙwayar halitta iri ɗaya ce ke ruɓar da su duka biyu. Da ita mutanen Japan ke yin wani abincinsu na waken soya.

Na uku dunƙulen kanti, irin su Maggi, wanda aka fara yi a Turai a 1908. Yana da sauƙin samu, yana daɗaɗa miya. Sai dai kusan rabinsa gishiri ne, ba ya gina jikin yaro. In an sa shi, a rage gishiri, kuma a haɗa da ɗan batso ko dakakkiyar gyaɗa.

To, da babu gara ba daɗi, amma maganin abin na gaskiya yana gonarka. In ka ga ɗorawa ta tsiro, kada garma ta taɓa ta. Ka kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Ta kan yi kusan shekara 10 kafin ta haihu, shi ya sa ya kamata a fara bana. Da sanyin safiya a ke kama fara.