Motar da Aka Ɗinka da Awon Wani

Duk wanda ya saba shiga layin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ya san kwat iri biyu ce. Akwai wadda ta zo yadda kamfani ya ɗinka ta, ta ɗan koɗe amma almakashi bai taɓa ta ba. Akwai kuma wadda mai ita na farko ya kai wa tela, aka matse ƙugu, aka rage hannu, aka ɗage kafaɗa. Ta biyun ta fi ɗaukar ido a rataye. Sai ka saka ta ka ɗaga hannu, ka ji hammata ta ɓarke. Yadin ba shi da laifi, awon wani aka bi.

Haka take ga motar gudu ta hannu wadda aka riga aka yi wa gyare-gyare. A ɗauki Volkswagen Golf GTI samfurin da ya fito a 2013. Injinta lita 2 ne mai turbo, kamfani ya sake shi da ƙarfin doki 220 ko kusa da haka. Ba sai an kwance ko noti ɗaya ba: a jona kwamfuta da ƙwaƙwalwar motar, a sauya lissafin iska da mai da lokacin tartsatsin fulogi, sai ƙarfin ya doshi 300. Kamfanoni irin su APR da Cobb da wannan sana'a suke ci a Amurka, kuma aikinsu ba na wasa ba ne. Amma kulocin da ke cikin motar ba don wannan ƙarfi aka yi shi ba. Shi ya sa mai giyar hannu da aka yi wa haka takan fara sulɓin kuloci, injin na ihu mota ba ta ƙara sauri. Mai ita na farko ya sha daɗin gudun, kai kuma ka gaji kuɗin gyara.

Wanda ya iya sayen gwanjo ba ya tsayawa kallon gaban riga. Juya ta yake yi ciki ya koma waje, ya bi ɗinki da yatsa. Abin da yake nema shi ne ko telan ya naɗe rarar yadin a ciki, ko ya datse ya zubar. In an naɗe, gobe za a iya farkewa a buɗa. In an datse, shi ke nan. A mota, rarar yadin ita ce kayan asali da aka cire: salansar kamfani, shokozoba, akwatin iska, da abin tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi. Mai motar da ya adana su a kwali, ya haɗa da rasit da sunan garejin da ya yi aikin, mutum ne da ya san abin da yake yi. Wanda ya ce maka "wallahi haka na same ta", to shi ma bai san abin da ke cikinta ba, kuma yana so ka biya kuɗin rashin sanin nasa.

Akwai ma wanda ya fi shi haɗari, wato mai mayar da mota kamar ba a taɓa ta ba kafin ya kai ta kasuwa. Ya cire kayan gudu ya sayar daban, ya goge lissafin kwamfuta, ya wanke injin tas. Sai dai ramin allura ba ya ɓacewa daga yadi. Kawunan notin da sifana ta ci, wayar da aka yanke aka naɗe da salatif, ramin da aka huda a jikin dashbod don maƙala agogon turbo, duk suna nan. Kwamfutar dilolin Volkswagen da Audi kan gane motar da aka taɓa wa lissafi ta sa mata alamar TD1, kuma daga nan garanti kan injin ya shiga matsala.

Ba kowane yadi ke jure almakashi iri ɗaya ba. Toyota Supra da aka yi daga 1993 zuwa 2002, mai injin 2JZ, gangar injinta baƙin ƙarfe ce, tana ɗaukar ninkin ƙarfin da ta zo da shi ba tare da an taɓa cikinta ba, abin da ya sa sunanta ya zagaye duniya tun kafin fim ɗin Fast and Furious na 2001 ya ƙara mata farin jini. Subaru WRX mai injin EJ25 kuwa an san ta da tsagewar fistin a wajen ringi idan lissafin mai ya kuskure. BMW 335i mai injin N54 tana karɓar ƙari da sauƙi, amma ko ba a taɓa ta ba famfon feturinta na da tarihin mutuwa. Abin dariya, Supra ɗin da ba a taɓa ba ita ce yau ta fi tsada a wurin masu tara motoci, domin ta yi ƙaranci.

Mu da motocin nan ke iso mana ta Legas da Kwatano, awon ya fi yi mana nisa. Wanda ya tsara lissafin a Amurka yakan tsara shi ne kan fetur mafi daraja na gidan mansu, mai lamba 93. Ka zuba mata man da ka samu a hanya, a zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40, man zai riƙa fashewa a cikin silinda kafin lokacinsa. Ƙarar ba ta da yawa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, amma ita ke cin fistin. Ga kuma motar an sassauke ta har ta kusa lasar ƙasa, don titin da ba rami. Tudun rage gudu na farko a unguwarku zai gaisa da kaskon baƙin mai.

Ra'ayina a kan farashi ba ya yi wa masu sayarwa daɗi. Za su lissafa maka abin da suka kashe, turbo kaza, taya kaza, su ɗora a kan kuɗin mota. Ba wanda ke biyan kuɗin telan wani a gwanjo. Kwat da aka rage ma ragi ake nema a kanta. Ban ce kada a saya ba. Idan gyaran ya zo daidai da abin da kai ma za ka yi, kuma ga takardu, ka samu a araha abin da wani ya kashe dukiya a kai. Amma ka duba inda kuɗin ya tafi. Wanda ya ƙara ƙarfin inji ya bar birki da lagireto yadda suke, ya kuma sa taya mai arha, burga ya saya.

Ka je da bakaniken da ya san irin motar, ba na mai sayarwa ba. A auna matsin kowace silinda, a ga ko sun yi kusa da juna. A jona na'ura a ga ko ba a daɗe da goge laifuffukan da kwamfuta ta rubuta ba. Kuma a yi alƙawarin da sassafe, a tayar da ita a gabanka tana sanyi, don shuɗin hayaƙi da ƙwanƙwasar inji a lokacin suke fitowa. In ka iso ka taɓa bonet ka ji ɗumi, ka ce wa mai motar: "Alhaji, a bar ta ta kwana, gobe bayan asuba ina nan tafe."