Matasan Da Ba Su Da Makwanci: Daga Masauki Zuwa Ɗakin Kansu

 

'Yan'uwa, duk mai fita sallar Asuba a Garwa ya san samarin da ke kwana a rumfunan babbar kasuwa da tashoshin mota. Wasu marayu ne, wasu mutuwar aure ta fitar da su daga gida, wasu almajirai ne da suka girma malami ya sake su. Akwai kuma waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Arewa Mai Nisa tun 2014. Da yawa nan zango kawai suke yi, su wuce Ngaundere su hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Muna ba su sadakar tuwo, Allah Ya karɓa. Amma tuwon daren yau ba ya raba yaro da titi.

Abin da ke raba shi da titi shi ne masauki mai kulawa, wato gidan da saurayi zai zauna na wani lokaci ƙarƙashin idon babba, ana shirya shi har ya iya riƙe kansa. A nan Garwa ƙungiyar COE ta Italiya ta daɗe tana aiki da yaran titi, tana da gidan karɓarsu mai suna Saare Jabbaama. A Marwa kuma akwai cibiyar ICE ta ma'aikatar jin daɗin jama'a. To mu fa, jama'ar masallaci?

Ai mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan aiki. A masallacin Annabi (SAW) a Madina akwai Suffa, rumfar da ke karɓar baƙin da ba su da gida ko dangi. Abu Huraira yana cikinsu. Suna karatu, ana ciyar da su, wanda ya samu sana'a ko aure sai ya tashi ya bar wa wani wuri. Rabi'a ɗan Ka'ab al-Aslami, Annabi da kansa ya nuna masa gidan da zai nemi aure, aka haɗa masa sadaki. Kun ga ke nan Suffa wurin wucewa ce.

Aikin yana da matakai. Na farko, makwanci da abinci da doka mai sauƙi: lokacin dawowa gida, tsafta, barin tramol da sauran ƙwayoyi. Wanda ya shekara yana barci da ido ɗaya ba zai natsu cikin mako guda ba, sai an yi haƙuri da shi. A nan ne kuma ake neman danginsa, domin in sulhu zai yiwu, gidan iyaye ya fi kowane masauki.

Na biyu, takardu. Da yawansu ba su da takardar haihuwa, kuma in lokacin rajista ya wuce sai an bi ta kotu. Ba ita, ba jarrabawar CEP, ba katin ɗan ƙasa, ba aiki mai albashi.

Na uku, sana'a a hannun ubangida amintacce: ɗinki, walda, kafinta, gyaran babur. Abin da ya samu a riƙa ajiye masa wani kaso, a rubuta a gabansa.

Na huɗu shi ne wanda aka fi sakaci da shi, wato fita. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umarce mu mu jarraba marayu, kada a miƙa musu dukiyarsu sai an ga rushdi, wato hankalin riƙe dukiya. Malaman fiƙihu sun ce a fara ba shi kaɗan a ga yadda zai juya shi. Haka ake yi a nan. A kama masa ɗaki shi da abokinsa, a biya musu watannin farko, daga baya su biya rabi, sannan su ɗauki duka. Wani dattijo ya tsaya musu a wurin mai gida, ya riƙa leƙa su. In an sallami yaro rana ɗaya, kuɗin haya na farko da ya gagare shi zai mayar da shi tasha, wani lokaci ma gidan yari.

Wani zai ce, ina kuɗin? Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, cikinsu akwai fakiri da miskini da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Waɗannan samari ba su fita daga ciki ba. Mai ɗakin da ba kowa yana iya ba da shi wakafi. Mai shago ya ɗauki yaro ɗaya. Ɗalibanmu na islamiyya su koya musu karatu da lissafi bayan Magariba. Kowane masallacin unguwa, daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya, in ya riƙe samari biyu har suka tsaya da ƙafarsu, an rage.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon aikatawa. Wallahu a'alamu.