Lamba Ɗaya, Karatu Biyu: Yadda Harsunan Kwamfuta Ke Adana Lambar Ƙasa da Sifili

Duk ɗalibin Hausa ya san cewa idan aka rubuta "gari" ba tare da alamar karin sauti ko tsawon wasali ba, mai karatu ne zai tantance ko birni ake nufi ko garin tuwo. Irin wannan matsala tana nan a cikin kwamfuta.

Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1. Kowane ɗaya sunansa bit, takwas kuma su ne bayit guda. To, ina za a sa alamar debewa? Dabarar da aka fi bi ita ce a rubuta lambar, a juya kowane 0 ya koma 1, kowane 1 ya koma 0, sannan a ƙara ɗaya. Misali, 5 ita ce 00000101, don haka -5 ta zama 11111011. Amma wannan jerin shi ne kuma 251 ga wanda bai yi zaton akwai alamar debewa ba.

A nan harsunan suka rabu. A Java, bayit kullum daga -128 zuwa 127 yake, saboda haka -5 za ta karanta. Python kuwa tana ɗaukar bayit daga 0 zuwa 255, sai an umarce ta kafin ta lura da alama. Harshen C ya fi rikitarwa, domin idan mai rubutu bai fayyace ba, amsar takan danganta da irin na'urar. A ce wani mai sayar da albasa a Rumuokoro, Fatakwal, ana bin sa dubu biyar, manhaja ta adana -5. Idan wata manhajar ta karanta 251, mai bashi ya zama mai riba ke nan.

Akwai kuma batun jeri. Java kan fara rubuta babban bayit, na'urorin Intel kuwa ƙarami suke farawa da shi, kamar boko da ajami, kowa da inda yake soma layi. Idan aka karanta -2 mai bayit biyu a juye, sai ta koma -257.

Wuri ma yakan ƙare. A ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an cusa wata lamba a gurbi mai bit 16, wanda iyakarsa 32,767.