Bargon ƙyallaye da sallar Nowel a ƙasar Amurka

In watan Disamba ya kama, ka san yadda garuruwanmu suke. Iskar hunturu ta taso, ƙafafu sun fashe, da asuba kowa yana neman bakin wuta. A daidai wannan lokaci ƙasar Amurka ma tana cikin ɗari, har ma nasu ya fi namu tsanani. A wurare da yawa ruwa yana daskarewa cikin bokiti. Cikin wannan ɗari ne kiristoci suke yin babbar sallarsu, ranar 25 ga Disamba, wadda muke ce wa Nowel, wasu kuma su ce Kirsimeti. Ƴaƴan da suka tafi aiki birni suna komowa gida, jikoki su cika ɗaki, kowa yana bukatar abin rufa. Akwai wani irin bargo da matan can suka daɗe suna ɗinkawa domin wannan lokaci. Da Ingilishi sunansa kuwilt. Mu sai mu ce da shi bargon ƙyallaye.

Ba saƙa shi ake yi ba kamar gwado ko luru. Ɗinka shi ake, kuma hawa uku gare shi. Na bisa shi ne fuska: ƙananan ƙyallaye ne aka yanka aka haɗa ɗaya bayan ɗaya har suka zama yadi guda. Na tsakiya auduga ce da aka shimfiɗa, ita ke riƙe ɗumi. Na ƙasa kuma yadi ne mai faɗi, koma wane iri. Sai a bi da allura a huda hawa ukun tare, layi bayan layi, don kada audugar ta taru wuri guda in an yi wanki.

In ka taɓa kallon hawan salla a Damagaram, ka riga ka san wannan dabara. Dubi lifidin da ake sa wa doki. Yadi bisa, yadi ƙasa, auduga ko ta rimi a tsakiya, an bi da ɗinki an danne. Kakanninmu sun yi shi don ya tare kibiya. Matan Amurka sun yi nasu don ya tare sanyi. Aikin allurar kuwa kusan iri ɗaya ne.

To, bari mu yi ɗan lissafi, don ka ga yawan aikin. A ce kana son bargo mai tsawon metir 2 da faɗin metir 1 da rabi. A ce kowane ƙyalle, bayan an ɗinka, santimetir 10 ne ta kowane gefe. A tsawo kana bukatar ƙyalle 20, a faɗi 15. In ka buga 20 sau 15, ka sami 300. Ƙyalle 300 ke nan, kuma kowane sai an yanka shi da ɗan ƙari, kamar santimetir 12, saboda bakin ɗinki yana cin yadi. Macen da take haɗa 10 kowace rana da hannu, bayan ta gama girki da wanki, sai ta yi kwana 30 kafin ta ida fuskar kaɗai. Ba a ma zo ga auduga ba tukuna. Shi ya sa wadda take son ta ba ɗiyarta bargo ranar Nowel ba ta jiran Disamba. Tun watanni kafin nan take soma yanka.

Haɗa fuska aikin mutum ɗaya ne. Mace tana yin sa da dare, ko duk sa'ad da ta sami sarari. Amma danne hawa ukun, wannan aikin gayya ne. Ana ɗaure bargon bisa wani katako mai kusurwa huɗu, ya miƙe sarai kamar fatar da aka shanya. A gidajen da ɗaki ya yi ƙanƙanta, da igiya ake rataye katakon a rufin ɗaki, a sauko da shi lokacin aiki, da dare a ja shi sama don a sami wurin kwana. Mata huɗu ko shida ko fiye su zauna kewaye, kowace ta kama gefenta tana ɗinkawa zuwa tsakiya. Yau a gidan wance, gobe a gidan wance. Mai gida ita ke ciyar da su, kamar dai yadda mai gona yake kai fura ga ƴan gayya. Yara ƙanana su ne masu zura zare cikin allura, tun da idanun tsofaffi sun gaji. A nan yarinya take koyon ɗinki, a nan kuma take jin labarin dangi, wane ya haifi wane, wa ya tafi bai komo ba.

Me ya sa aikin ya faɗo wajen Nowel? Dalilin gona ne. A kudancin Amurka, inda ake noman auduga, a dā mata suna cikin gona tun shuka har tsinka. Sai an gama tsinkar auduga, wajen ƙarshen shekara, hannunsu yake samun hutu. A lokacin ne kuma sanyi yake shigowa, kuma ga ragowar auduga da za a cusa. Abubuwa uku sun haɗu wuri guda.

Akwai wani ƙauye da ya yi suna a duniya saboda wannan bargo. Sunansa Gee's Bend, ana faɗin Jiz Bend, cikin jihar Alabama. Kogin Alabama ya lanƙwashe ya kewaye shi ta gefe uku, ya bar masa hanya guda ta tudu. Wani Bature mai suna Joseph Gee ya kafa gandun auduga a wurin cikin 1816, da bayi baƙar fata. Cikin 1845 gandun ya koma hannun wani mai suna Mark Pettway, wanda ya koro bayinsa da ƙafa tun daga jihar Karolina ta Arewa. An hana bauta a Amurka cikin 1865, amma mutanen suka zauna nan suna noman ƙasar da ba tasu ba, suna biyan haya. Har yau da yawa cikin mutanen ƙauyen sunan Pettway suke ɗauke da shi, sunan wanda ya mallaki kakanninsu.

Gidajensu na dā na itace ne, iska tana shiga ta ko'ina. Suna manna tsofaffin jaridu a bango don su toshe kafofi. Dare in ya yi sanyi, bargo ɗaya ba ya isa, sai an jibga uku ko huɗu bisa yara. Gida mai ƴaƴa goma, ka lissafa da kanka bargo nawa uwa za ta ɗinka. Kuɗin sayen yadi kuwa babu. Don haka komi ya tsufa sai ya shiga bargo: wandon aikin maigida da gwiwarsa ta koɗe, rigar da yaro ya fi ƙarfinta, buhun gari, buhun taki. Audugar ciki kuwa wadda ta saura a gona ce, ko wadda aka share a wurin gurza. A buge ta da sanda har datti ya fita ta yi laushi.

Shekarar 1932 ba su manta da ita ba. Farashin auduga ya faɗi ƙasa warwas. Ɗan kasuwar da yake ba su bashi a garin Camden, hayin kogi, ya mutu. Masu gadonsa suka aiko mutane suka kwashe abin da suka tarar: alfadarai, shanu, kaji, garemani, har hatsin da aka ajiye. Da haka iyalai masu yawa suka shiga ɗarin wannan shekara. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ce ta kawo musu gari da abinci suka kai bazara.

Ga wani abu da ya kamata ka sani game da bargon irin wannan. Wata mace a ƙauyen, Missouri Pettway, mijinta Nathaniel ya rasu bayan doguwar jinya. Cikin 1942 ta tattara tufafinsa na aiki, ta farke su, ta ɗinka bargo da su don ta riƙa rufa da shi. Ɗiyarta Arlonzia, wadda ta taya ta yankan, ita ta ba da labarin daga baya. Wannan bargo yana nan har yanzu, an kai shi manyan birane an nuna. Wanda ya dube shi zai ga shuɗin wando da ja-ja na ƙasar gona da wanki bai fitar ba. A ganina wannan ne ya raba bargon ƙyallaye da wanda ake saye a kanti. Yaro yana iya ɗora yatsa bisa ƙyalle ya ce wannan rigar kakata ce.

Ɗinkin bai tsaya cikin ɗaki ba. Lokacin da baƙar fatar Amurka suka tashi neman haƙƙin jefa ƙuri'a, mutanen Gee's Bend suna hawa jirgin fito su ƙetare zuwa Camden don a rubuta sunayensu. Cikin 1962 hukuma ta tsayar da jirgin. Tafiyar da take ƴar kaɗan ta ruwa ta koma kusan awa guda a mota. Martin Luther King ya zo ƙauyen cikin 1965 ya yi musu jawabi. Cikin 1966 matan yankin suka kafa koperatif mai suna Freedom Quilting Bee, ma'ana gayyar ɗinki ta ƴanci, suka soma sayar da barguna har birnin New York. Ga mata da yawa wannan ne kuɗi na farko da ya shigo hannunsu ba ta gonar wani ba. Da aka kashe King cikin 1968, alfadarai biyu na Gee's Bend ne suka ja amalanken da ya ɗauki gawarsa. Jirgin fito kuwa sai 2006 ya komo aiki, bayan shekara 44.

Cikin 2002 aka baje bargunan ƙauyen a babban gidan nune-nunen fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York. Abin da aka ɗinka don rufa yara sai ga shi rataye a bango, masu ilimi suna tsaye suna kallo. Abin da ya ba su mamaki shi ne matan ba su bin awo sosai. Layi ya karkace, a bar shi. Shuɗi ya ƙare, a sa ja. Cikin 2006 gidan waya na Amurka ya buga hotunan barguna 10 bisa tambur na wasiƙa. Amma fa suna daban, kuɗi daban. Cikin 2007 wasu daga cikin matan sun kai ƙara kotu, suna cewa ba su sami haƙƙinsu ba daga masu sayar da aikinsu.

Yau yawancin gidajen Amurka suna da abin ɗumama ɗaki, kuma bargo yana da araha a kanti. Duk da haka mata da yawa, da wasu maza, ba su daina ba. Keken ɗinki ya rage wahala. Sai dai wani abu zai ba ka dariya: yanzu sabon yadi ake saye da tsada, a yayyanka shi ƙanana, a sake haɗawa. Kakanninsu da sun gani da sun riƙe baki. Na Nowel galibi ja ne da kore da fari, da zanen taurari ko na itacen da suke ƙawatawa a cikin ɗaki. Wani a shimfiɗa shi gindin itacen, inda ake tara kyaututtuka. Wani a rataye a bango kwanakin sallar, in ta wuce a ninke a ajiye sai baɗi. Mafi yawa dai kyauta ce: ga jaririn da aka haifa cikin shekarar, ga amarya, ga tsohon da ba ya iya fita. Wasu majami'u ma suna tara mata su ɗinka don marasa lafiya da waɗanda ba su da wurin kwana.

Kafin a naɗe bargon a ba mai shi, akwai aiki ɗaya na ƙarshe, kuma kai da kake koyon rubutu za ka gane shi. Ana ɗinka ɗan farin ƙyalle a kusurwar baya. Bisa shi mai ɗinkin take rubuta sunanta, da sunan wanda ta yi wa, da garin, da shekarar. Tsofaffin barguna da yawa ba su da wannan ƙyalle, shi ya sa akwai waɗanda suke rataye a gidajen tarihi yau, an san jihar da suka fito, amma ba a san sunan matar da ta ɗinka su ba.